Sayen miksa mai sauƙin kuɗi: tambayoyin da matan Katsina suka fi yi mini

Tun da na fara koya wa 'yan mata haɗa kek a gidana da ke wajen Ƙofar Ƙaura, da wuya sati ya wuce ba a tambaye ni zancen miksa ba. Wata amarya ce ake haɗa mata kayan ɗaki, wata ta kwashi adashi tana son ta ja jari, wata kuwa kafaɗa ce ta gaji da bugun bota da muciya. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne, shi ya sa na tattara su wuri guda. Miksar da nake nufi ita ce ta girke, mai kai da kwano, wadda za ki kunna ki bar ta tana aiki ke kuma kina fasa ƙwai. Ba na sayar da miksa, kuma babu kamfanin da nake yi wa talla.

Anti, ni da nake yin kek sau ɗaya ko biyu a wata, dole ne sai na sayi ta girke?

Ba dole ba ne. Miksar hannu ta ishe ki, ta fi araha nesa ba kusa ba, kuma ba ta cin wuri a kicin. Ta girke tana amfani ne ga wadda take kwaɓi kusan kowane sati, ko mai karɓar oda, ko mai fama da ciwon hannu ko kafaɗa. Idan kuɗinki bai kai na miksa da na sikeli ba, fara da sikelin da ta hannu. Awo daidai ya fi gyara kek a kan kowane inji.

To na yanke shawara zan saya. Me zan fara dubawa?

Kafin ki dubi kowane inji, dubi abin da kika fi kwaɓawa. Wannan ita ce tambayar da ta fi duk sauran, kuma ita ce masu saye suka fi tsallakewa.

Kwaɓi iri biyu ne a wurin miksa. Akwai mai taushi: kek, kofkek, aisin, kirim, farin ƙwai. Wannan ba ya wahalar da inji, kusan kowace miksa mai araha za ta yi miki shi shekara da shekaru. Akwai kuma mai tauri: cincin, dublan, mitfai, biredi. Wannan shi ke cinye haƙoran giyar da ke cikin injin, ya ƙone koyil, wato naɗaɗɗiyar wayar da ke sa injin juyawa. Matsalar ita ce, mu a nan abin da muka fi yi shi ne mai taurin. Waɗanda suka ƙera ƙananan injinan nan ba su yi su da tunanin cincin ɗin Sallah na tiya uku ba.

Ni kaina da haka na koya. Miksata ta farko saura kwana biyu ƙaramar Sallah na cika ta da kwaɓin cincin, na kai gudunta lamba 4 don in gama da wuri. Ba ta yi minti biyar ba na ji ƙauri, kanta ya ɗau zafi har ba ya taɓuwa, daga nan ba ta sake motsi ba. Watanta uku kacal a hannuna, kuma kuɗin adashin wata shida ne. Na yi kuka ranar, don ga odar mutane a kaina. Da an faɗa mini tun farko abin da za ta iya da wanda ba za ta iya ba, da har yau tana yi mini kek. Abin da ya sa nake nanata wannan magana ke nan ga duk wadda ta tambaye ni.

Mai kanti ya nuna mini wata an rubuta wat 2000 a kwalinta, ya ce ta fi duk sauran ƙarfi. Gaskiya ne?

Kada lambar kwali ta ruɗe ki. Wat ɗin da ake rubutawa yawanci wutar da injin ke ja ne, ba ƙarfin da ke isa ga kwaɓin ba. Inji zai iya jan wuta mai yawa ya mayar da rabinta zafi da ƙara. Misali mai sauƙi: KitchenAid Artisan, wadda masu kek na duniya suke ji da ita, wat 300 ne a jikin samfurin da ake sayarwa a Turai, amma tana murza kwaɓin da wasu masu lamba 1500 ke tsayawa a kansa. Bambancin yana cikin irin giyar da ke ciki da yadda aka rage gudun injin aka mayar da shi ƙarfin murɗawa.

Ga kuma wani lissafi da zai taimake ki. Filogi mai ƙafa uku irin namu fiyus ɗinsa mafi girma amp 13 ne, wutarmu kuma bolt 230 ce. Idan kika ninka su, abin da soket ɗin gida zai iya bayarwa bai wuce wat 3000 ba. Saboda haka duk kayan kicin mai irin wannan filogi da kika ga an rubuta masa wat 5000 ko 8000, wannan lamba ado ce kawai. Ki juya injin ki karanta 'yar takardar da ke manne a ƙarƙashinsa, sau da yawa za ki tarar ta sha bamban da ta kwali.

Idan ba da wat ba, da me zan gane mai ƙarko?

Da hannunki da kunnenki. Ɗaga ta ki ji. Miksa mai nauyi tana nufin akwai ƙarfe da koyil na kirki a ciki, kuma ba za ta riƙa tafiya a kan tebur ba idan kwaɓi ya yi tauri. Wadda za ki ɗauka da hannu ɗaya kamar bokitin roba, ki san ta kek ce kawai.

Sannan ki kulle kanta ƙasa ki girgiza shi da hannu. Idan yana wasa tun babu komai a kwano, da kwaɓi sai ya riƙa tsalle. Ki duba maɓallin da ke sakin kan, shi ne abin da ya fi saurin karyewa a masu araha. Ki duba sandar da ake maƙala mabugi, ta zama ƙarfe mai kauri. Ki leƙa ƙafafunta, masu robar da ke kama tebur sun fi, musamman idan a kan tayil za ki ɗora.

Zancen giya kuwa, masu kanti kan ce "ta ƙarfe ce" ko da ba su taɓa buɗe ta ba. Giyar roba ba lallai aibu ba ce. Har manyan kamfanoni sukan sa guda ɗaya ta roba da gangan, don idan kwaɓi ya fi ƙarfin inji ita ta fara cinyewa, koyil ya tsira. Abin tambaya shi ne ko ana samun wata idan ta cinye.

Kwano mai lita nawa ya kamata?

Na gida, lita 4 zuwa 5 ya isa. Amma ki sani lita 5 ba ta nufin za ki cika shi. Kek yana buƙatar sarari don iska ta shiga, kada ki wuce rabin kwano da ɗan ƙari. Kwaɓi mai tauri kuma ba kwanon ne ke iyakance shi ba, ƙarfin injin ne. A irin waɗannan masu araha ni ba na wuce fulawa rabin kilo zuwa giram 700 a zubi ɗaya.

Akwai masu zuwa da kwano lita 7 ko 8 amma injin ciki irin na ƙaramar ne. Wannan tarko ne, don girman kwanon zai sa ki loda mata abin da ba za ta iya ba. Babban kwano kuma yana da wata illa: idan ƙwai biyu kacal za ki buga, mabugin ba zai kai gare su ba.

Ki zaɓi kwanon silba, ba na roba ba. Roba tana riƙe maiƙo ko an wanke, kuma ɗigon maiƙo kaɗan ya isa ya hana farin ƙwai tashi. Kwanon silba za ki iya sa shi a firji ya yi sanyi kafin ki buga kirim. Idan da mariƙi a jikinsa, ya fi daɗin juyewa.

Ƙarafuna ukun da ke zuwa da ita, wanne ne na me?

Mai wayoyi, mai kama da maburgi, na shigar da iska ne: farin ƙwai, kirim, da kek ɗin da ake buga ƙwai da sukari su kumbura. Kada ya taɓa bota mai tauri, wayoyinsa za su lanƙwashe. Mai faɗi shi ne na yau da kullum: bota da sukari, kwaɓin kek, aisin, murje bota cikin fulawa don mitfai. Mai kama da ƙugiya na kwaɓin yis ne, biredi da donat.

Kuskuren da na fi gani shi ne a yi komai da mai wayoyin, don shi ya fi kama da na miksar hannu da aka saba. Duk miksar da ba ta zo da mai faɗin ba, ki bar ta a kantin.

Na ga wata mai araha sosai, kwanonta ne ke juyawa, tana da mabugi biyu. Ita ma miksar girke ce?

Wannan miksar hannu ce aka yi mata mazauni. Tana da amfaninta, don za ki iya cire kan ki riƙe a hannu, amma ƙarfinta na ta hannu ne. Miksar girke ta ainihi mabugi ɗaya gare ta, yana juya kansa yana kuma zagaya kwanon a lokaci guda, kamar mai tuƙa tuwo da ke murza muciya tana bin gefen tukunya. Wannan juyi biyun shi ke sa ya taɓa kusan ko'ina. Idan kuɗinki na mai mazaunin ne kawai, saya, amma da sanin kek da kirim za ta yi miki.

To yanzu cincin da dublan fa? Ke nan ba zan sa su a miksa ba sam?

Za ki sa, amma rabin aikin za ta yi miki. Ga yadda nake yi. In zuba fulawa da sukari da bota, in sa mai faɗi a lamba 1, ya murje su har su yi kamar garin rogo. Wannan shi ne aikin da ya fi cin lokaci da hannu, kuma ba ya wahalar da inji. Sai in zuba ƙwai da madara a hankali. Da na ga kwaɓin ya fara haɗe kansa yana barin jikin kwano, sai in kashe, in juye a faranti in ƙarasa da hannu. Cincin dama ba ya son murza mai yawa, idan ya sha murza tauri yake yi ya riƙa janyewa wajen mirginawa.

Idan na gara ne ko na Sallah, tiya biyu ko uku, ki raba shi zubi-zubi, ki bar injin ya huta tsakani. Ki riƙa ɗora tafin hannu a kanta. Ɗumi ba komai ba ne, amma idan ba ki iya barin hannunki a wurin, lokacin hutu ya yi. Littafin da ke zuwa cikin kwali yakan faɗi minti nawa za ta yi a jere da kwaɓi mai nauyi, kuma a masu araha mintocin kaɗan ne. Ki nemi wannan shafin tun kafin ki biya kuɗi.

Alkaki kuwa ni ban taɓa sa shi a miksa ba, kuma ba na ba da shawara. Barzajjiyar alkama tana da nauyi, kuma aikinsa na hannu ne, mai yi tana jin laushinsa a tafinta ta san ya yi. Nakiya ma turmi ne gidanta.

Fanke da funkaso da donat fa?

Nan miksa take nuna amfaninta. Kwaɓin fanke da na funkaso ruwa-ruwa ne mai danƙo, bugunsa da hannu yana gajiyarwa, amma inji ba ya jin sa. Mai faɗi ko ƙugiya, lamba 2, 'yan mintoci ya yi santsi. Donat da biredi mai laushi su ma suna yiwuwa da ƙugiya, minti 6 zuwa 10, muddin ba ki wuce lamba 2 ba. Ko kamfanin KitchenAid lamba 2 ya ce a tsaya wajen kwaɓin yis, balle tamu. Gudu ba ya sa kwaɓi ya yi da wuri, zafi kawai yake ƙara wa injin da kwaɓin.

Wutarmu ba ta tsayawa. Zan iya amfani da ita da janareta ko sola?

Za ki iya, da sharaɗi. Ƙaramin janaretan nan da ake haɗa masa fetur da baƙin mai abin da yake bayarwa bai fi wat 650 zuwa 800 ba, kuma inji yakan ja wuta fiye da ƙima a lokacin da yake tashi. Idan miksar ƙarama ce kuma kin kashe sauran kaya, zai ja ta wajen kek. Da kwaɓi mai tauri za ki ji janaretan yana nishi, ki kashe. Babban janareta ba shi da matsala.

Sola kuma ya danganta da girman inbata. Ki tambayi wanda ya haɗa muku ko za ta ɗauki inji mai juyawa, ki kuma yi aikinki da rana tsaka, lokacin da farantan solar ke samun hasken rana sosai, don kada ki zuƙe batirin dare.

Abin da ya fi ɗaukewar wuta haɗari shi ne wuta mara ƙarfi. Idan kin ga fanka na juyawa da ƙyar, ƙwan lantarki ya yi ja, kada ki kunna miksa. Inji a irin wannan wuta yana wahala ya yi zafi, shi ne koyil ke ƙonewa. Sitabilaiza mai wat 1000 zuwa sama tana taimakawa, kuma ta fi gyaran koyil araha. Sannan duk lokacin da aka ɗauke wuta kina cikin aiki, ki mayar da maɓalli sifili ki zare filogi. Da yawa daga cikinsu da wutar ta dawo za su tashi da kansu, wataƙila lokacin yaro ya sa hannu a kwano yana lasar kwaɓi.

Tana cin kuɗin mita?

Ba ta ci. Inji mai jan wat 500 idan ya yi minti 12 ya ci kashi ɗaya cikin goma na yunit ɗaya. Kwaɓi goma ke nan kafin yunit ya ƙare. Obin na lantarki shi ne mai cin wuta.

Yayana yana Amurka, ya ce zai aiko mini da KitchenAid. In karɓa?

Karɓi da godiya, inji ne mai kyau, tun 1919 ake yin sa kuma ana samun kayan gyaransa. Amma ki kiyaye abu ɗaya: wutar Amurka bolt 120 ce, tamu 230. Idan kika sa mata adafta kika jona kai tsaye, nan take za ta ƙone. Adafta siffar filogi kawai take canzawa, ba ta rage wuta. Sai kin sayi taransifoma mai saukar da wuta zuwa 110, wadda ƙarfinta ya ninka na injin, ki kuma manna takarda a jikin wayar don kada wata ta zo aro ta jona a bango.

Abin da ya fito daga Ingila ba shi da wannan matsala, wutarsu da filoginsu irin namu ne. Haka na Dubai. Tsarabar Makka ma yawanci bolt 220 zuwa 240 ake rubuta mata, amma ki karanta takardar ƙarƙashi kafin ki jona, ko daga ina ta fito.

Wanne ya fi: sabuwa mai araha, ko tsohuwa ta gwanjo mai suna?

Idan kek ne aikinki, sabuwa mai garanti ta fi kwanciyar hankali. Idan kina yawan biredi da donat, kuma kin samu wanda ya san inji ya raka ki, tsohuwar Kenwood Chef mai lafiya ta fi sababbi masu araha da yawa. Tun 1950 aka fito da ita a Landan, jikinta ƙarfe ne, kuma an yi ta ne don a riƙa gyarawa, ba don a yar ba. Na san gidajen da ta uwa ce ɗiya take amfani da ita.

Sai dai gwanjo sa'a ce. Ki tabbata kwano da ƙarafunan uku suna nan, don sayen su daban na iya kai kuɗin injin. Ki kunna ta a kowace lamba ki ji ko gudun yana hawa daidai. Ki shinshina wajen iskar injin, ƙauri alamar koyil ya taɓa wahala. Ki kuma duba ba 'yar Amurka ba ce.

A ina zan saya, nan Katsina, ko Kano, ko ta intanet?

Ana samun su a Babbar Kasuwa da shagunan kayan lantarki na kan titin IBB. Kano ta fi yawan zaɓi, musamman Sabon Gari, amma ki haɗa kuɗin mota da wahalar mayarwa idan ta ba da matsala, sau da yawa ribar ta tafi. Mutanen Daura da Mashi da Mani da ke tambayata, shawarar da nake ba su ita ce su saya inda za su iya komawa su ga mai kantin ido da ido.

Ta intanet, ki zaɓi inda ake biya bayan kaya sun iso ko inda aka rubuta ƙa'idar mayarwa, ki karanta kwana nawa aka bayar. Ki nemi hoton takardar ƙarƙashin injin, ba na kwali ba. Masu sayarwa ta WhatsApp da Instagram akwai na kirki da yawa, amma kada ki tura kuɗi duka ga wadda babu wanda kika sani da ya taɓa saye a hannunta.

Nawa zan tanada?

Ba zan rubuta farashi ba, don tun da darajar naira ta sauya a 2023 kuɗin kayan waje ba ya zama wuri ɗaya, abin da na faɗa yau wata mai zuwa ya zama tsohon labari. Ki zaga shago uku ki ji. Shawarata kada ki ɗauki mafi araha a jerin, ki hau mataki ɗaya ko biyu. Ki kuma ware kuɗin sitabilaiza da sikeli cikin lissafin tun farko. Farashi yakan hau gab da Sallah da lokacin bukukuwan ƙarshen shekara, mai haƙuri ta saya bayan an watse.

Me zan gwada a shago kafin in biya?

Ki ce a buɗe wadda za ki tafi da ita, ba wadda aka ajiye don nuna wa masu saye ba. A jona, a fara da lamba 1. Wannan lamba ita ce mafi muhimmanci: ya kamata ta juya a hankali. Idan lamba 1 ma gudu take, duk ranar da kika zuba fulawa sai ta bule miki fuska da kicin. A hau har lamba ta ƙarshe, ki saurara. Ƙara mai tafiya daidai ba laifi, amma ƙarar gurzawa ko ƙwas-ƙwas alamar giya ba ta zauna ba.

A maƙala kowane ƙarfe ki ga yana shiga yana fita ba da kokawa ba. Ki duba tazarar da ke tsakanin mai faɗi da gindin kwano: kada ya goga, kada kuma ya yi sama har yatsa ya shige. Idan ya yi sama, kullum bota za ta kwanta a ƙasa ba a buga ta ba. Wasu injinan suna da noti na daidaita wannan, yawancin masu araha ba su da shi.

Daga nan a rubuta miki rasit da kwanan wata da sunan samfurin da tsawon garanti. "Ai mun saba, Hajiya" ba rasit ba ne. Ki ajiye kwalin aƙalla wata ɗaya.

Zafin Katsina yana shafar aikin?

Ƙwarai. A bazara, watan Afrilu da Mayu, zafi kan haura digiri 40, bota tana narkewa tun kafin ta kama iska, kuma juyin injin kansa yana ƙara ɗumi. Ki yi aisin da kirim da asuba ko da dare, ki sanyaya kwano da mabugi a firji. Kwaɓin yis ki yi shi da ruwan sanyi, in ba haka ba zai tashi da wuri ya yi tsami. Injin ma yana saurin zafi a wannan lokaci, ki ƙara masa hutu.

Da hunturu kuma akasin haka ne. Bota tana daskarewa kamar sabulu, kuma jefa ta a miksa a haka daidai yake da kwaɓin cincin. Ki yanka ta ƙanana ki bari ta yi laushin da yatsa zai shiga. Ƙura kuma tana shiga ta ramukan iska, ki ɗinka mata riga ko ki rufe da tsohon zane.

Tun da na sayi miksa kek ɗina ya koma tauri. Injin ne?

Bugu ne ya yi yawa. Bota da sukari suna son bugu, minti 3 zuwa 5 har su yi fari su yi sauƙi. Ƙwai ɗaya bayan ɗaya. Amma da zarar fulawa ta shiga, danƙonta yana farkawa, kuma duk juyi ƙara shi yake. Ki mayar lamba 1, da kin daina ganin farin gari ki kashe, ki ƙarasa da cokalin roba kina kwaso na ƙasa. Da hannu gajiya ce ke tsayar da mu a daidai lokaci, inji kuwa ba ya gajiya, sai ke kin tsayar da shi.

Za mu sa wa ɗiyarmu a kayan ɗaki. Wacce za mu ɗauka?

Mama, ku fara tambayarta ko tana yin kek. Na shiga ɗakunan amare da yawa na ga miksa a saman kabad da ledarta, garanti ya ƙare ba a taɓa jona ta ba, ranar da aka kunna kuma aka tarar tun asali ba ta aiki. Idan tana da sha'awa, ku tafi da ita ta zaɓa, a gwada a shago, kada a bi launin da ya dace da labule. Idan ba ta da shi, bilenda mai kyau za ta fi yi mata amfani.

Oda ta fara yi mini yawa. In sayi irinta ta biyu?

Idan kek ne ya yi yawa, ta biyu tana da amfani, ɗaya na bugun bota ɗaya na aisin. Idan kuwa kin kai kina kwaɓa fulawa kilo 5 zuwa sama kullum, kin wuce ajin miksar gida gaba ɗaya. Abin da kike buƙata shi ne na masu gidan biredi, mai lita 10 ko 20. Ki ci gaba da tara kuɗinsa, ki bar ƙaramar tana yi miki kek.

Na ga wani mai baƙi-baƙi yana ɗigowa daga kanta. Ta lalace ne? Wa zai gyara?

Giris ɗin giya ne ya narke, yakan faru idan ta daɗe a ajiye ko ta sha zafi. Ki goge, ki kunna ta babu komai na minti biyu. Idan ya ci gaba, a buɗe a canza, kuma a sa giris irin na injinan abinci, don wurin yana saman kwanonki ne. Kada ki taɓa tsoma jikinta a ruwa, tsumma mai laima ya isa. Ƙarafunan da ba silba ba ki wanke ki goge nan take, idan suka kwana a ruwa sukan yi baƙi su ɓata kwaɓi.

Idan ta tsaya cak tana cikin aiki, kada ki yi saurin cewa ta ƙone. Wasu suna da abin da ke kashe su idan sun yi zafi, ki zare ki ba ta rabin awa. Idan ba ta tashi ba, a fara duba fiyus ɗin filogi. Idan injin na ƙara amma mabugi ba ya juyawa, giya ce ta cinye. Idan tana tartsatsi tana yankewa, sau da yawa kabon ne ya ƙare, wato ɗan gawayin da ke kai wuta cikin injin, kuma canza shi ba tsada. Masu gyaran bilenda da fanka na kasuwa suna iya waɗannan duka. Ki tafi da kwanon da ƙugiyar da ɗan kwaɓi a leda, a gwada ta da kaya a gabanki kafin ki biya.